Babi na 6: Damtsen da Ya Ƙi Ɗoruwa

Matashi ba ya karya damtse sai da dalili mai ƙarfi: kabu-kabu ya kife da shi a hanyar Tasawa, ko amalanke ya bi ta kansa, ko ya faɗo daga kan gawo yana saro wa awaki ganye. Tsoho kuwa faɗuwa daga tsaye ta ishe shi. Tsohuwa ta yi tuntuɓe da turke cikin duhun asuba, ko santsin bakin rijiya ya kwashe ta, ko rago ya fizgi igiyar da take riƙe da ita. Ta miƙa hannu don ta tare ƙasa, nauyin jiki duka ya bi ta tafin hannu ya haura, ya je ya tsaya a ƙasan kafaɗa. A nan ƙashin ke karyewa.

Ƙashin damtse guda ɗaya ne, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Samansa dunƙule ne mai santsi da ke juyawa cikin ɗan kwarmin allon kafaɗa, tsakiyarsa kuma sanda ce miƙaƙƙiya. Karayar saman nan ta kai kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na dukan karayar da manya ke yi, kuma a jikin tsofaffi ita ce ta uku a gaɓoɓi, bayan ta ƙugu da ta wuyan hannu. Mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku a cikinta, domin daga lokacin da al'ada ta ɗauke, ƙashin mace kan riƙa zubewa daga ciki ba ciwo ba alama. A waje yana nan yadda aka san shi, a ciki ya koma kamar busasshen karan dawa, ɓawo siriri da totuwa.

Waɗannan alƙaluma daga asibitocin Turai da Amurka suka fito, inda tsofaffi suka yi yawa. A Nijar waɗanda suka haura shekara 65 ba su wuce kashi 3 cikin 100 na jama'a ba, kusan rabin 'yan ƙasa kuma ba su kai shekara 15 ba. Shi ya sa hankalin hukuma da na masu ba da agaji ya fi karkata ga masassarar cizon sauro da tamowa da haihuwa, kuma tun 2006 aka ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani. Ba laifi a cikin wannan. Sai dai tsohuwar da ta karye a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Urafane, arewa da Tasawa, ita ce mai renon jikoki in uwarsu ta tafi gona, kuma hannun nan nata da shi take daka, da shi take ɗaura zane, da shi take dafa ƙasa ta miƙe daga sujada. Mijinta kuma da nasa hannun yake tura haiwa a tsaye cikin yashin gonar hatsi. In hannu ya tafi, rabin mutuncin zaman gida ya bi shi.

Wanda aka fara kira shi ne maɗori. Yana kusa, an san ubansa da kakansa da wannan sana'a, yana karɓar abin da aka ba shi, wani lokaci sai bayan an warke. Majo na likitar gari yana iya ba da maganin zafi ya rubuta takarda, amma hoton ƙashi sai an fita zuwa asibitin gunduma, Tasawa ko Mayahi, abin da ya fi ƙarfinsu kuma sai Maraɗi, mai nisan kilomita 120 ko kusa da haka daga Tasawa, ko Damagaram. Masu hali kan ƙetara iyaka zuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda ke aiki tun 1959. Kowane mataki kuɗin mota ne, da na ɗan rakiya, da na abinci, da gonar da aka bari.

Wani abu da bai kamata a ɓoye ba shi ne, a kan wannan ƙashi musamman, tazarar da ke tsakanin maɗori da likita ba ta kai yadda ake zato ba. A 1970 wani likitan kafaɗa na Amurka, Charles Neer, ya tsara yadda ake karanta karayar saman damtse. Ya ce wurin kan rabu gida huɗu: dunƙulen, da tudu biyu da tsokokin kafaɗa ke kamawa, da sandar. Ba ya lissafa yanki a matsayin wanda ya goce sai ya matsa da santimita 1 ko ya karkace da digiri 45. Da wannan ma'auni, yawancin karayar tsofaffi ba ta goce ba, kuma ba ta buƙatar wuƙa. Rataya hannu a wuya da ƙyalle da haƙuri sun isa.

Ko wadda ta goce ma, an gwada. A Birtaniya an ɗauki mutum 250, matsakaicin shekarunsu 66, aka raba su biyu: rabi aka yi musu tiyata, rabi aka rataye musu hannu kawai. Sakamakon wannan bincike, da ake kira PROFHER, ya fito a 2015, kuma bayan shekara 2 babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin ɓangarorin biyu, ko wajen zafi ko wajen amfani da hannu. Da aka sake duba su bayan shekara 5, haka abin yake. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙusar da ake ɗaure ƙarfe da ita a tiyata ba ta samun abin kamawa a ƙashin da ya zube. Wani bincike na asibitocin Turai da ya fito a 2009, kan mutum 187 da aka sa wa ƙarfe, ya nuna kusan ɗaya cikin uku ya gamu da matsala cikin shekara guda, mafi yawa ƙusa ce ta huda dunƙulen ta leƙa cikin gaɓa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma likitocin ƙashi da dama yanzu sun yarda da haka a kan tsofaffi.

Sandar tsakiya ita ma mai yafiya ce. Tsoka ta lulluɓe ta ko'ina, jini na isarta, kuma ko ta haɗe a ɗan karkace, har digiri 20 zuwa 30, ko ta gajarce da santimita 3, kafaɗa da gwiwar hannu kan rufe aibin. A 1977 Augusto Sarmiento ya nuna cewa in aka naɗe damtse kaɗai da wani abin riƙo mai ɗan tauri, aka bar kafaɗa da gwiwar hannu suna motsi, nauyin hannun da kansa kan ja ƙashi ya miƙe. Duk wanda ya taɓa ganin karan ɗori da aka jera aka saƙa da zare zai gane cewa tunanin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa.

To, in haka ne, me ke lalata hannuwa?

Na farko, kuma mafi muni, ɗauri ne. Karaya kan kumbura, kumburin kuma yana ƙaruwa har kwana 2 zuwa 3. Ɗaurin da ya yi daidai da safe, da dare ya zama tarko. Jini ya kasa komawa, tsoka ta cika ta matse hanyoyin jinin da ke cikinta, kuma tsokar da ta yi kamar awa 6 ba jini ta fara mutuwa, ba ta dawowa. Likitan Jamus Richard von Volkmann ya bayyana wannan tun 1881: hannun da ya tsira daga ruɓewa ya ƙare a ƙanƙance, yatsu a lanƙwashe, ba ya kama komai. Wanda bai tsira ba sai ya yi baƙi, ya yi wari, a ƙarshe a yanke shi don a ceci rai. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi ta rubutu tun shekarun 1990 cewa matsattsen ɗori na cikin manyan dalilan yanke gaɓa a arewacin Najeriya. Tsoho ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin hanyoyin jininsa sun riga sun ƙanƙance, fatarsa ta yi laushi, kara kan ci ta ya bar gyambo. In yana da ciwon suga, yana iya kasa jin zafin da zai gargaɗe shi.

Abin takaici, alamun a fili suke. Zafin da ke ƙaruwa maimakon ya ragu, yatsu su kumbura su yi sanyi, su dinga tsira kamar ana soka allura, farce ya sauya launi, in an miƙar da yatsa mutum ya yi ƙara. Amma an tarbiyyantar da tsofaffinmu a kan jurewa, kuma akwai masu cewa zafin alama ce ta ɗori na kamawa. Ba haka ba ne. Ɗan da ke jinyar uwarsa ya kamata ya riƙa zuwa kowane bayan salla yana cewa, "Inna, motsa yatsunki in gani," ya taɓa su ya ji ɗuminsu. In ya ga saɓani, a kwance ɗaurin nan take, ko da tsakar dare ne, ko da maɗori ya ce kada a taɓa sai ya zo.

Akwai kuma abin da ke tsorata mutane alhali ba komai ba ne. Bayan kwana ɗaya ko biyu da karayar saman damtse, jinin da ya kwanta kan gangaro ƙarƙashin fata, damtse ya yi duhu har gwiwar hannu, wani lokaci har gefen ƙirji. Wannan kan washe da kansa. Muddin yatsu na da ɗumi suna motsi, ba ruɓewa ba ce.

Na biyu jijiyar motsi ce. Akwai wata da ke fitowa daga hammata ta zagaya bayan sandar damtse, tana manne da ƙashin, kafin ta sauka ta ɗaga wuyan hannu da yatsu. A cikin kowace karaya 100 ta sandar, kusan 12 kan taɓa ta. Alamarta ba ta ɓuya: wuyan hannu ya faɗi ya yi laƙwas, mutum ya kasa ɗaga shi, bayan babban yatsa ya mutu. A ƙauye nan da nan sai a ce shanyewar jiki ce, ko iska ta taɓa shi, a shiga neman rubutu da turare. Gaskiyar ta fi haka daɗin ji, domin kusan 7 cikin 10 kan farfaɗo da kansu cikin 'yan watanni, tun da yawanci jijiyar ta ƙuje ne ba ta tsinke ba, in ma sai ta sake tsirowa tana yin kamar milimita 1 a rana. Aikin mai jinya shi ne ya tallafe wuyan hannun da ɗan katako, ya riƙa miƙar da yatsun kullum don kada su sandare kafin jijiyar ta iso. Amma in wuyan hannu lafiya yake bayan faɗuwa, sai bayan an ja an murɗa wajen ɗori ya faɗi, ko kuma wata 4 ya wuce ba alamar motsi, wannan maganar likitan tiyata ce. Wata jijiyar kuma tana zagaye wuyan ƙashin a sama. In ta taɓu, fatar gefen kafaɗa kan mutu, tsokar da ke ɗaga hannu ta rame.

Ja da murɗa suna da wani haɗarin. Wani lokaci karaya kan zo tare da gocewar kafaɗa, dunƙulen ya fice daga kwarminsa. Hannu ba ya iya bambance wannan ta cikin kumburi, sai hoto. In aka ja da ƙarfi don a mayar, ƙashin da ya tsage kawai yana iya rabuwa biyu, babbar hanyar jinin hammata, wadda tsufa ya busar, tana iya yagewa. In kuma aka ɗaure a haka ba a gane ba, bayan mako 3 kafaɗar ba ta komawa sai da wuƙa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a yi tafiyar Tasawa sau ɗaya, a ɗauki hoto, ko da a gida za a ƙarasa jinya.

Na uku shi ne wanda ya fi yawa, kuma shi aka fi raina wa: sandarewar kafaɗa. Ƙashi ya haɗe sarai, maɗori ya karɓi godiya, amma hannu ba ya wuce ƙirji. Tsohuwa ba ta iya ɗaura kallabi, ba ta iya ɗaga taɓarya, kabbara ma sai da rabin hannu. Kafaɗa gaɓa ce da ba ta son zama. In aka manne ta da jiki kwana 40, rigar da ke lulluɓe da gaɓar kan ƙanƙance ta manne, kuma a jikin mai shekara 70, balle mai ciwon suga, buɗe ta sai an sha wuya. A Sheffield ta Ingila an gwada a 2003: masu karayar da ba ta goce sosai ba, waɗanda suka fara motsa hannu cikin makon farko sun riga waɗanda aka tsare mako 3 samun sauƙin zafi da komawa aiki. Motsin farko ba ya buƙatar na'ura. Ernest Codman na Boston ya bayyana shi a 1934: mutum ya sunkuya, ya dafa wani abu da lafiyayyen hannu, ya saki mai ciwon ya yi lilo a hankali, gaba da baya, sannan zagaye. Yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu kuwa tun ranar farko ake motsa su. Daga baya, in ƙashi ya fara kamawa, sai a riƙa tattaka bango da yatsu ana haurawa, kowace rana a ɗan ƙara. Barci a kishingiɗe, da matashi a baya, ya fi kwanciya miƙe sauƙi a makonnin farko.

Na huɗu, ƙashin ya ƙi haɗewa ɗungurungum. A da littattafan likita na cewa wannan ba ya wuce kashi 10 cikin 100 a sandar damtse, amma binciken baya-bayan nan ya nuna abin ya fi haka. A Finlan, cikin wani gwaji da ya fito a 2020, ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka yi wa naɗi ba tiyata ƙashinsu bai haɗe ba. Tsufa na ƙara haɗarin, haka taba, ta sha ko ta ci, da ciwon suga, da ƙarancin abinci mai gina jiki. Wanda ya karye a watannin bazara da farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, jikinsa na gina ƙashi ne da fura mai ruwa-ruwa. Wake, da nono, da ƙwai, da gyaɗa, da zogale a wannan lokaci magani ne, kuma tsoho ya kamata a fara zuba wa, ba ya jira abin da yara suka rage ba.

A nan dole a ambaci ƙwayoyin da ake tallarsu a faranti ranar kasuwa. Tsofaffi da yawa sun shekara suna shan haɗin maganin sanyin ƙashi, kuma a cikin irin wannan haɗi akan sami dekizametazon. Yana kashe zafi nan take, shi ya sa ake son sa, amma shan sa wata da watanni na cinye ƙashi, yana tayar da suga, yana hana rauni warkewa. Diklofenak kuma, in aka daɗe a kansa, yana cin ciki da ƙoda. Farasitamol ya fi aminci ga tsoho mai karaya.

Gane ƙashin da ya ƙi haɗewa ba wuya. Sandar damtse kan ɗauki mako 8 zuwa 12, amma tun a mako na 6 ya kamata a ji wurin ya yi ƙulli ya daina motsi. In a lokacin har yanzu damtse na lanƙwasa a inda ba gaɓa, to da wuya ya haɗe da kansa, kuma sake ɗaurewa karo na biyu da na uku ɓata lokaci ne. Wannan shi ne wurin da tiyata ke da amfani na gaske: a buɗe, a kankare bakin ƙashin, a ɗaure da ƙarfe, wani lokaci a ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugu a cike. Mafi yawa kan haɗe bayan haka. Akwai masu yawo shekaru da hannu yana reto, sun ɗauka ƙaddararsu ke nan, alhali aikin awa biyu ne a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai. Ragin rabin kuɗin asibitocin gwamnati da aka yi a Nijar a 2024 ya sassauta wani ɓangare, ko da yake kuɗin mota da na zaman jinya suna nan a wuyan dangi.

Dunƙulen saman ma yana iya mutuwa. Jininsa ta wuyan ƙashi yake hawa, in karaya ta raba wurin gida huɗu tana iya yanke masa hanya, sai bayan shekara ɗaya ko biyu ya lotse, zafi ya dawo. Maganinsa a ƙasashe masu hali shi ne kafaɗar ƙarfe, irin wadda Paul Grammont ya ƙirƙiro a Faransa a 1985. Ga mutumin Urafane wannan sai dai labari, amma da yawa kan rayu da lotsattsen dunƙule suna ƙananan ayyukansu in an kula da motsi.

Iri biyu na karaya ba su da zama a gida ko na kwana ɗaya. Wadda ƙashi ya huda fata, ko da ramin bai fi bakin allura ba, domin ƙasa da kashin dabbobi na ɗauke da ƙwayar tetanos, kuma shafa man shanu ko garin magani a kai na tura datti cikin ɓargo. Sai kuma wadda ta zo ba faɗuwa: tsoho ya ɗaga buta ko ya dafa zai tashi, damtse ya ɓalle, bayan ya yi makonni yana kukan ciwo a wurin, musamman da dare. Bayan ƙashin cinya, damtse ne dogon ƙashin da sankara ta fi sauka a kai in ta yaɗu daga nono ko daga furostet. Irin wannan ba ya ɗoruwa da kara, kowane gwani ne ya ɗaura.

Ba za a raba mutanen karkara da maɗori ba, kuma ba lallai ne a raba su ba. A Arba Minch ta kudancin Habasha, wani likita ya tara masu ɗorin gargajiya ya koya musu abubuwa kaɗan: kada a matse, a bar yatsu a waje, ga alamun da in an gani a kwance a tura asibiti. Rahoton da ya fitar a 2005 ya nuna yanke gaɓa saboda ruɓewar ɗori ya ragu ƙwarai cikin shekaru biyu. Ba a kawo na'ura ba, ba a gina ɗaki ba. Abin da aka yi a can, majo da sarkin ɗori da mai gari za su iya yin sa a Urafane ko Mayahi a zama ɗaya, in an girmama juna, in kuma ma'aikacin asibiti ya daina tarbar wanda ya zo daga wurin ɗori da faɗa. Tsoron faɗan nan na cikin abin da ke sa a ɓoye hannu har ya yi wari.

Bayan hannu ya warke, saura ƙugu. Wani bincike a Amurka da ya bi tsofaffin mata sama da 8,000 ya gano cewa wadda ta karya saman damtse, haɗarin ta karya ƙugu cikin shekarar da ta biyo ya ninka fiye da sau 5. Ƙashin da ya zube a kafaɗa ya zube a ko'ina, abin da ya kayar da ita kuma yana nan. Sau da yawa yanar ido ce, wadda aikin cire ta ba ya cin rabin awa. Wani lokaci jiri ne daga maganin hawan jini da ya yi yawa, ko silifas da ya sanɗe, ko dokin ƙofa mai tsayi, ko fita kewaye da dare ba fitila. A matsar da turken awaki daga hanyar ɗakinta, a ajiye mata tocila a gefen shimfiɗa, a ba ta sanda, jan guga da hawa rumbu kuma a bar wa jikoki.